Karsanar da Ake Tatsa

Karatuna na boko aji uku ne da kwana huɗu. Kwana huɗun nan ba na yarda a zubar min da su. Na shiga aji huɗu ranar Litinin, aka zaunar da ni a benci na biyu, har an raba mana sabon littafi mai ƙamshi. Ranar Alhamis mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya zo ya tsaya a bakin taga da sanda a kafaɗa, ya gaya wa malam cewa shanu ba su da mai bi. Daga nan boko ya tsaya. Saboda haka duk wanda ya ce min ɗan aji uku ya ci min kwana huɗu, kuma ban yafe ba.

Abin da na fito da shi dai ya ishe ni. Ina haɗa baƙi. In kalma ta cika tsawo sai in raba ta biyu, in bi ta a hankali yadda ake tsallaka rafi da damina. Tun da gwiwa ta hana ni bin dabba, 'ya'ya suka karɓi gona, garken ya ragu ya koma 'yan turaku a bayan gidanmu na Garo, sai na zama mai karatun littattafai. Ba na addini nake nufi ba, wannan yana da lokacinsa da malamansa. Na labari nake nufi, irin waɗanda matan 'ya'yana ke turawa ƙarƙashin katifa. Da fari kunya suke ji. Yanzu kuwa in ɗaya ta je Gwarzo ta dawo, sai in tarar da littafi a kan buzuna, ita kuma ta wuce ɗaki kamar ba ta san zancen ba.

Bayan la'asar nake zama a gindin darbejiyar tsakar gida, da tabarauna mai ƙafa ɗaya da zare. Da ƙarfi nake karantawa don tsohuwa ta ji. Tsohuwa ita ce mai ɗakina. Ba ta yi boko ko na kwana huɗu ba, amma in na yanke wa littafi hukunci wurinta ake ɗaukaka ƙara, kuma sau da yawa takan rushe shari'ata tana ɓarar gyaɗa, ko kai ba ta ɗagawa.

Na karanta abin da zai cika buhu, don haka ina da bakin magana.

Babban abin da ke haɗa ni da littattafan nan na soyayya shi ne mutanen ciki ba su da aikin yi. Saurayi yana da kamfani. Me kamfanin yake yi, sabulu ko ashana, ba wanda zai gaya maka. Da safe za a ce ya tafi ofis, kafin ka juya shafi yana ƙofar gidan su yarinya cikin mota, yana danna waya. Ruwan sama kuwa a littafi ba don shuka ake yin sa ba, don yarinya ta tsaya a taga ta yi tagumi ne. Sai cin abinci. A kawo mata shinkafa da kaza, ta ɗan tsakura ta ture. Kullum sai ta ture. Tsohuwa ta ce in duba mata a gaba ko an faɗi wanda ya cinye sauran. Na duba, ba a faɗa ba. Kuka kuma ba a magana. Akwai wadda ta fara a shafi na tara, ban ga ta share hawaye ba sai tsakiyar littafi na uku. Da a gonata ta zauna ta yi shi, da na yi noman rani.

Amma ni alƙali ne mai adalci. Matan nan da ke rubutu sun san magana. In suka haɗa uwa da 'ya a madafi, ko ƙawaye biyu suna gulmar ta uku, sai ka rantse a bayan katangarmu suka laɓe suka ji. Wurin da littafi ya yi kyau ba ni ke gane shi ba, hannun tsohuwa ne ke tsayawa a kan gyaɗa. In ya tsaya, marubuciya ta ci. In ta ci gaba da ɓara har tana korar kaji, to, takarda aka ɓata. Akwai wata da ta rubuta yadda aka ja akuya zuwa kasuwa, akuyar ta kafe ƙafafu huɗu tana waiwayen gida. Shafi ɗaya ne, amma saboda shi na yafe mata motoci uku da bene biyu, domin wannan ta taɓa jan akuya.

Littattafan yara su suka fi ba ni haushi, don yaro ba ya iya kai ƙara. Jikokina suna zuwa da su daga makaranta. Ka buɗe ka ga an zana saniya ba tozo, baya sumul kamar benci, jiki dabbare-dabbare kamar an watsa mata tawada. Ni dai na bi shanu har inda ƙafa ta gaji, ban gamu da ita ba. Dabbobin ciki kuma duk masu ladabi ne. Kura ta ce don Allah, zomo ya ce na gode, a rabu lafiya. Sannan a ƙarshe a rubuta da manyan baƙaƙe wai darasi, a jero abin da ake so yaro ya koya. In labari ya shiga yaro, ya shiga. In bai shiga ba, ko da gizago ka sassaƙa masa darasin, yana ajiye littafin zai tafi ƙwallo.

Haka nake yanke hukuncina ba tsoro, har ranar da aka kawo min littafin da bakina ya yi nauyi a kansa.

Ina da 'ya, ta ukun 'ya'yana. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka ba na kama sunan, Uwata nake ce mata. Ita ce ta ƙarasa min bokon. Ta yi makarantar kwana, ta yi ta horon malamai, yanzu tana koyar da 'yan aji biyu a Gwarzo, inda take aure. Kuma akwai abu tsakanina da ita wanda ba mu taɓa tayarwa ba. Tana 'yar shekara goma sha huɗu ta zo hutu, na tsinci littafin rubutunta a kan turmi. Labari ta fara rubutawa. A ciki wai jirgin sama ya sauka a Madadi, a tsakiyar gonar gero. Ni kuwa a lokacin ina ji da baki. Na ɗauka na kai zaure na karanta wa abokaina, ina maƙe murya, ina tambaya ko direban jirgin ya nemi izinin mai gona. Aka yi dariya har wani ya ƙware da goro. Ban san tana bayan ƙyaure ba. Kafin magariba na ga bangon littafin a murhu. Ba ta ce min komai ba, ni ma ban ce ba, kuma daga ranar ban sake jin ta rubuta abin da ya wuce aikin makaranta ba. Shekara ashirin da 'yan kai.

To, bara waccan da kaka, ranar wata Juma'a, ta zo da babbar ambulan a ƙarƙashin mayafi. Muka gaisa, ta tambayi gwiwa, na tambayi maigidan da yara da 'yan makaranta, ta tambayi amfanin gona. Sai da gaisuwa ta ƙare tas, ta rasa abin tambaya, sannan ta ajiye ambulan a bakin buzu.

"Baffa, ɗan littafi na rubuta wa yara. Malamin zane na makarantarmu ya yi min hotuna. Ranar Litinin nake so in kai Kano a buga."

Na ce madalla, Allah ya sa albarka.

"Ba addu'a kaɗai na zo nema ba. Maigidan ya karanta ya ce ya yi. Hedimasta ma ya ce ya yi. Amma su ba sa son su ɓata min rai. Kai kuwa ban taɓa jin ka ji tausayin littafi ba." Da murmushi ta faɗa, amma tabarma take kallo. "Zan wuce Madadi barka, jibi in dawo ta nan. In ka ce ya yi, in kai. In ka ce bai yi ba, in mayar da shi akwati. Ba komai."

Wannan "ba komai" ɗin na san shi. Irinsa uwarta take yi.

Tana fita na ɗaura tabarau. Labarin wata yarinya ne da saniyarta. Saniyar ta kwance ta shiga gonar maƙwabci ta ci dawa, yarinyar ta ji tsoro ta ce akuya ce ta yi ɓarnar. Aka ɗaure akuya a rana, aka hana ta harawa. Yarinyar ta kasa cin tuwo, ta kasa haɗa ido da akuya. Dabbobin ba sa magana. Akuyar kallo kawai take yi, kuma duk wanda ya taɓa zaluntar akuya ya san wannan kallon. Saniyar da aka zana da tozonta, an ɗaure maraƙi a ƙafarta ta gaba wajen tatsa, yadda ake yi don ta sako nono. Babu darasi a ƙarshe. Yarinyar ta je ta faɗi gaskiya, aka yi mata faɗa, ta kai wa akuya harawa da hannunta, littafi ya ƙare. Tun shafi na uku hannun tsohuwa ya tsaya, bai sake motsi ba.

Sai dai akwai kalma ɗaya. Ba "saniya" ta rubuta ba. Daga bango har ƙarshe, karsana. Yarinya ta ɗauki ƙwarya ta tatsi karsanarta. Karsana ta lashi maraƙinta. Nonon karsana ya yi kindirmo.

Don wanda ya tashi a birni, karsana ita ce budurwar saniya, wadda ta girma amma ba ta haihu ba tukuna. Ba haihuwa, ba maraƙi, ba nono. Ranar da ta haihu ta tashi daga karsana. Maigidan Uwata ɗan cikin gari ne, saniya a faranti ya san ta, shi da hedimasta ban ga laifinsu ba. Amma a Garo ɗan shekara bakwai ya san wannan.

Na cire tabarau na ce, "Kin ji abin da na ji?"

Tsohuwa ta ce, "Na ji. Ka rufe bakinka."

"Karsana fa ake tatsa."

"Ko bijimi ake tatsa, ka rufe bakinka. Wancan karon da ka buɗe shi me aka samu?"

Na ce wannan ba irin wancan ba ne. Littafin nan hannun 'ya'yan masu turke zai shiga. Ranar da ta tsaya gaban aji ta karanta, wata 'yar Unguwar Tudu za ta sa hannu a baki ta yi dariya, ta koma gida ta ba da labari. Kafin mako a ce malama 'yar gidan shanu ba ta san karsana ba. A tambaya 'yar wa ce.

"Au," in ji tsohuwa. "Ashe ta kanka kake."

Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ba duka ba. In na yi shiru aka buga, dariyar da na yi mata a zaure ita yara za su yi mata, kuma abin da aka buga ba ya goguwa. In na faɗa, na san 'yata. Ba za ta yi gardama ba, za ta ce ba komai, ta mayar da shi akwati, a ƙara shekara ashirin. Ni kuwa ba ni da wata ashirin ɗin da zan jira.

Ranar Asabar na yi dabara irin ta 'yan aji uku da kwana huɗu. Na nemo biro, da niyyar in bi kalmar ɗaya bayan ɗaya in kashe, in rubuta saniya a sama, in ce kuskuren mai bugawa a kwamfuta ne. Na kashe ta farko. Tsohuwa ta leƙo ta kafaɗata.

"Me kake yi wa takardar mutane?"

"Gyara. Aikin masana ne, ba za ki gane ba."

"Ita ma ba za ta gane ba? Ita da kake ba takardar da ka rubuta da hannunka ta karanta maka?" Ta zare biron ta soke shi a ɗankwali, ta tafi da shi madafi. A can ya wuni.

Ranar ban buɗe littafin kowa ba. Abin da na tsayar shi ne, tunda bakina ne mai laifi, ba shi zai faɗa ba. Dabba za ta faɗa.

Lahadi bayan azahar ta dawo. Ta sha ruwa, ta ba uwarta labarin jaririn Madadi, amma idonta yana kan ambulan. Na ce, "Uwata, taso mu ga dabbobi." Na ɗauki ƙwaryar tatsa muka zaga baya. Akwai wata ja a turken ƙarshe, shekararta biyu da rabi, jiki luwai-luwai. Na miƙa mata ƙwaryar.

"Tatso min wannan, in ga ko hannunki bai manta ba."

Ta yi dariya. "Baffa, wannan ai ba ta haihu ba. Me zan tatsa?"

"Me ake ce da irinta?"

"Maraƙa ce ta girma."

"Ta wuce maraƙa. Wannan ita ce karsana."

Ta dubi jar, ta dubi hantsarta, ta dube ni. Na ga abin yana sauka a fuskarta a hankali. Ta sunkuya ta ajiye ƙwaryar a ƙasa da hannu biyu, kamar cike take.

"Na gane," ta ce. "Har a bango na sa. Ba komai, Baffa. Gara da ka faɗa. Zan ajiye shi."

Sai ta ƙara, ƙasa-ƙasa, kamar da kanta take magana.

"Amma ni nonon karsanata na sha har na yi aure."

Sai muka ji dariya a bayanmu. Tsohuwa ce da kwanon dusa a hannu, ta biyo mu don ba ta yarda da ni ba. Dariya take har sai da ta dafa danga.

"Malam," ta ce. In ta ce min Malam, to, shari'a ta juya. "Wace ce farar nan mai karyayyen ƙaho?"

A gidajenmu, mu da muka taso a bayan shanu, in aka yi haihuwa, ranar suna uba yakan nuna mace ɗaya a garke ya ce ta jaririn ce. Ita da duk abin da ta haifa na yaron ne. Ranar sunan Uwata na nuna wata fara mai karyayyen ƙaho na ce tata ce. A ranar karsana ce, ba ƙarya.

"Sau nawa ta haihu?" in ji tsohuwa.

Na ce ban riƙe ba.

"Ni na riƙe, ni ke tatsarta. Bakwai. Haƙoranta suka ƙare, sai an jiƙa mata dusa. Kullum da safe me kake cewa? A ware nonon karsanar Uwata. Karsanar Uwata ta haihu. Jikar karsanar Uwata ta tsinke igiya. Tun yarinyar nan tana goye har ranar da aka kai ta Gwarzo, ka taɓa ce wa dabbar nan saniya sau ɗaya? Mu duk gidan a bakinka muka ɗauka."

Uwata ta ce, "Ni na zaci karsana ita ce saniyar da aka ba mutum tasa ta kansa. Ta ranar suna."

Ta ina za ta san wani abu daban? Tana sha biyu ta tafi makarantar kwana, 'yan'uwanta maza ne ke bin garke. A wurina ta koyi kalmar, kuma ta riƙe ta daidai yadda na ba ta. Kwana biyu ina neman wanda zan ɗora wa jahilci, har malaman da suka horar da ita na zarga a raina, ashe mai shi yana cikin rigata.

"Saniya ba ta girma a bakinka," in ji tsohuwa, tana zuba wa jar dusa. "Mai saniyar ma haka."

Ba kowace magana ce alƙali ke amsawa ba.

Na ɗauki ƙwaryar daga ƙasa na karkaɗe ta, na gyara tsayuwa gwargwadon yadda gwiwa ta yarda. Na ce, "Uwata, kin nemi hukunci, ga shi. Littafin yara da ya kai naki bai taɓa shigowa gidan nan ba. Hannun uwarki ya tsaya tun shafi na uku, ga ta nan ki tambaye ta. Akuyar nan har yanzu tana kallona. Kuskure ɗaya ne a ciki, kuma ba naki ba ne, nawa ne, gadonsa kika yi."

Ta ɗago. "Da gaske kake, ko don Inna tana tsaye?"

"Innarki ta sha tsayawa a kaina ban yabi littafi ba."

"To, in bi in mayar da su saniya duka?"

Jiya da biro a hannuna da e zan ce. Amma yanzu na ga in aka cire kalmar an cire farar nan mai karyayyen ƙaho, an sa wata saniyar da ba ta kowa ba. Na ce ta bar ta. Ta ƙara shafi ɗaya kawai, ta faɗi yadda aka yi: an ba yarinya karsana ranar suna, karsana ta girma ta haihu, amma mutanen gidan ba su sake mata suna ba. Yaron da ya san shanu zai ɗaga hannu tun a bango, ya juya ya tarar an riga shi. Wanda bai sani ba ya koyi kalma, ba tare da an rubuta masa darasi ba.

"Mutanen gidan?" in ji tsohuwa.

Uwata ta kalli uwarta, ta kalle ni, bakinta ya fara motsi. "Sai dai in sa wani tsoho a ciki, Baffa. Wanda kullum ake gaya masa ta haihu, shi kuma ya ce ai jiya-jiya aka ba da ita."

Na ce ta sa, ba na tsoro, amma a gaya wa mai zane ya yi masa hula mai kyau.

Muna komawa tsakar gida tsohuwa ta yi gaba, ni na rage tafiya. Na ce wa Uwata, "Wancan kuma, na jirgin da ya sauka a Madadi. Ban ga ƙarshensa ba. Ya tashi kuwa?"

Ta ce, "Ban kai wurin ba ka ɗauka."

Na ce ban kyauta ba. Kalma uku ce, amma ta fi duk wata doguwar kalma da na taɓa rabawa biyu wuyar fita. Ta ce, "Ya wuce, Baffa." Ba ta ce ba komai ba, kuma na lura.

Ba a kai Kano ranar Litinin ɗin ba, sai ta sama, saboda sabon shafi da zane. Da littafin ya fito ta kawo min nawa da kanta. Ta ce ranar da ta fara nuna wa 'yan ajinta, ko buɗewa ba ta yi ba wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, Malama, karsana ba ta nono, ga shi ana tatsa. Uwata ta miƙa mata littafin ta ce juya shafi. Yarinyar ta juya, ta haɗa baƙin a hankali, ta ce su ma kakansu haka yake.

Ra'ayina a matsayina na mai karatu bai canja ba, littafi ya yi. Ya dai yi gajarta, kafin tsohuwa ta gama mamaki an rufe. Sai kuma tsohon da ke shafi na biyu. Hular ba laifi. Amma kunnuwan nan ba nawa ba ne, kuma ban ga dalilin da za a zana zaren tabarau har da ƙullinsa ba. Tsohuwa ta ce mai zanen ma rage kunnuwan ya yi. Na so in ɗaukaka ƙara, babu kotun gaba.

Jar nan ta turken ƙarshe kuwa, da Uwata ta haifi 'yar ƙaramarta na nuna ta ranar suna na ce ta jaririyar ce. Da daminar bana ta haihu, maraƙi namiji. Ina kiyaye bakina sosai, saniya nake cewa. Shekaranjiya ne dai da safe na leƙa baya na ce a ƙara wa karsanar yarinyar nan harawa, shayarwa take. Tsohuwa ta ajiye tsintsiya ta tsaya tana kallona. Na ce mata a littafi yake, an buga, in tana da ja ta je ta karanta.